Hular Sarki Mato

Sarki Mato ya rasu da hantsi ranar wata Laraba a shekarar 1965, ana tsakiyar haƙar doya, kuma kafin azahar ƙauyen ya rabu biyu a kan hularsa.

Ƙauyen Gbagyi ne, a gindin duwatsun da ke bayan Mpape. A wancan zamani in ka ce Abuja, garin can ake nufi na kusa da dutsen Zuma, inda Di'o, jami'in mulkin yankin, yake zama. Nan kuwa ba komai sai gonakin doya da rumbuna da rugagen Fulani a bakin rafi. Al'adar ƙauyen ita ce in sarki ya mutu a sa masa hularsa, mutum huɗu su ɗauke shi a kafaɗa su hau da shi kan dutse inda magabatansa suke kwance. Amma da sharaɗi. A wurin mutanen nan kai ya fi ƙarfin a ɗora masa kaya, shi ya sa matansu suke ɗaukar itace da doya da tulu a kafaɗa, cikin ƙwarya, su bar kai ya huta. Kan da ya taɓa ɗaukar kaya ya zama bawa, hula ba ta raka shi kabari. Mato kuwa kowa ya sani ya taɓa ɗaukar akwatin Bature a ka, tun daga bakin gari har Kubwa, da rana tsaka, mata suna kallo.

Yana da rai ba wanda ya isa ya taɓa hular, don takardar Bature ce ta riƙe masa ita, da Bature ya tafi kuma takardar En'e ta ci gaba da riƙewa. Yanzu ba takardar da za ta bi shi kan dutse. Dattawa suka ce za a zauna a gindin ɗorawa da la'asar a yanke magana, ko a sa masa hula a hau da shi, ko a haƙa rami a bayan gidansa a rufe shi kai ba komai kamar kowane talaka.

Hansatu ta ji labarin tana feraye doya a tsakar gida, daga bakin ɗanta James. Mace ce mai shekara arba'in da 'yan kai, gajeriya, mai faɗin kafaɗa, mijinta Jacob ya rasu shekara uku ke nan. James shi ne ɗanta na fari, malami a makarantar mishan, mai gajeren wando da doguwar safa da alƙalami biyu a aljihu, ɗayan ma ba ya rubutu. Tun yana ƙarami ake ce masa Bakwaini, don an haife shi wata shida da 'yan kwanaki bayan dawowar ubansa daga haƙar kuza. Tsofaffin matan da suka karɓi haihuwar dai sun ce ba su taɓa ganin bakwaini mai cinya irin tasa ba. Sau ɗaya suka faɗa, suka kama bakinsu.

A tsaye James yake magana, kamar yana gaban allo. Ya ce shekara biyar da samun 'yanci, ya isa a daina girmama mutanen da suka mai da kansu tabarmar Bature. Ya ce da idonsa ya ga wani hoton Mato a tsohon bariki: dattijo da furfura, akwati a ka, ga karen Baturen a cikin kwando ana ɗauke da shi a baya. Ya ce mutumin nan ya sha cire takalmi ya zauna a ƙasa gaban Baturen da bai kai sa'an ɗansa ba, ya yini a rana a ƙofar bariki ba a ce masa ko hau baranda ba, ya dawo gida ya huce a kan talakawa. Wannan duk gaskiya ne, Hansatu ma ta sani. Mato ba waliyyi ba ne. Ya ƙwace akuyoyin mutane don tukunyar Bature, yana da saurin hannu, kuma ko dariya ya yi sai ka ga kamar zai ci tarar wani.

Sannan ga maganar gyara, wadda ta fi komai ciwo. A shekarar ɗiban gwamna, lokacin da ake kwashe maza ƙarfi da yaji a kai su ramukan kuza a Jos, Bature ya nemi mutum goma daga ƙauyen. Mato ya ba da goma. Bayan 'yan kwanaki, ba wanda ya san dalili, ya ƙara na sha ɗaya, kamar mai sayar da gyaɗa yana zuba wa mai saye gyara. Wannan na sha ɗayan shi ne Shekwolo, ƙanen Yamusa. Sanyin Jos ya kashe shi, ko gawarsa ba ta dawo ba. Yamusa kuwa yanzu shi ne babban dattijon gari, kuma a al'ada hannunsa ne ke sa wa sarki hular ƙarshe.

"Mama, yau za a gyara tarihi," in ji James.

Ta ce ya zauna ya ci abinci tukuna. Bai zauna ba, ya fita neman samari.

Fitarsa ke da wuya sai ga Asta ta yi sallama da ƙwaryar nono a ka. Asta matar Hammawa ce, na rugar bakin rafi. Shekara fiye da ashirin suna musayar nono da dawa, suna kuma zagin juna. Asta takan ce Gwari sun ajiye kai ba aikin fari ba na baƙi, Hansatu ta ce ai shi ya sa Fulani ba su da wuya sai na zalɓe. Yau Asta ba ta zo da wasa ba. Ta sauke ƙwaryarta, ta zare gammonta ta riƙe a cinya.

"Kai, Bagwariya, an ce za ku rufe sarkinku kai tsirara."

Hansatu ta ce maganar maza ce.

"Maganar maza," in ji Asta. "Ni wata biyar ina kai wa mijinki nono a kogon can, ko ƙwayar dawa ban karɓa ba, ko Hammawa ban gaya masa ba. Bakina ya gaji da riƙewa. Amma ba maganata ba ce, taki ce."

Hansatu ta ajiye wuƙar. Abin da ta yi shekara ashirin da biyu tana dannewa ke nan, wai yau mai nono ta zo ta buɗe shi a tsakar gida kamar faifai.

Jacob yana cikin mutum goman nan. Amma bai ga Jos ba. Kwana biyu da tafiya ya sulale daga ayari, ya biyo daji ya dawo, ya shige wani kogo a bayan dutse. Hansatu ce take kai masa tuwo in ta fita itace, Asta kuma ta yi kiciɓis da shi wata rana tana neman maraƙi, ta ga yadda ya rame, ta fara ajiye masa nono a bakin kogon. Da ɗan doka ya zo wurin Mato ya ce mutum ɗaya ya gudu, ko a fito da shi ko a kawo wani, Mato ya riga ya lura cewa amaryar Jacob tana hawa dutse da tuwon mutum biyu. Wanda aka kama ya gudu, bulala ce a bainar jama'a sannan gidan yari, kuma ba kowa ke fitowa da ƙafarsa ba. Mato bai ce wa kowa uffan a kan Jacob ba. Ya duba gari ya ɗauki Shekwolo, ƙaƙƙarfa, ba mata ba ɗa, a kan zai yi wata huɗu ya dawo. Bai dawo ba.

Wata biyar bayan haka Baturen rangadi ya sauka a ƙauyen, wani dogo da ake ce wa Mai Lofe. Da zai wuce Kubwa ya nemi 'yan ɗaukar kaya, maza kuwa ba su nan, aka tattaro mata. Kowace ta saɓa nata a kafaɗa yadda ta saba, sai akwati guda na ƙarfe, cike da kwalabe da tangaran. Mai Lofe ya ce ta bakin tafinta wannan a ka za a ɗauka, kafaɗa tana karkatar da kaya, kuma duk inda ya bi a ƙasar nan a ka baƙar fata suke ɗauka, bai ga abin da ya sa waɗannan za su fi sauran ba. Ɗan doka ya duba matan, ya nuna Hansatu, don ita ce yarinya mai ƙarfi a cikinsu.

Ciki wata uku gare ta, ba wanda ya sani. Ta dubi akwatin, mutum biyu ne suka ja shi zuwa gabanta. Ta san ba za ta kai ko rafi ba za ta faɗi, in ta faɗi cikin zai zube ko ya bayyana, in ya bayyana za a tambayi na wane ne, alhali mijinta wai yana Jos. Ko a ce ta ci amanar aure, ko ta nuna kogo. Ta tsaya, hannunta ya kai kan mararta ba da saninta ba.

Mato ya ga hannun. Ya tuɓe hularsa ya cusa a cikin riga, ya durƙusa gaban Mai Lofe, ya ce kaya mai daraja irin wannan bai kamata mace ta taɓa ba, sai sarki da kansa. Kowa ya ji ya faɗa. Baturen ya yi dariya har lofe ya kusa faɗo masa, ya sa aka ɗora, ya ɗauki hoto. Haka Mato ya tafi Kubwa, mutum mai shekara hamsin, kai ba gammo, gumi da jini suna sauko masa ta bayan kunne, Hansatu tana biye da ƙunshin tabarmi da ko yaro zai ɗauka. A Kubwa aka ba shi gwangwanin taba wanda ba taba a ciki, tukuici. Tun daga ranar wuyansa ya karkace hagu, bai ƙara miƙewa ba.

Ba da daɗewa ba waɗanda suka rayu suka fara dawowa daga Jos ɗaya bayan ɗaya, Jacob ya fito daga kogo ya ce an kai shi wani rami ne daban. Ya tsinci labaran kuza a bakin waɗanda suka je, ya riƙa ba da su, har ya zo ya fi su iya bayarwa. Ya sa Hansatu ta rantse ba za ta tona shi ba. Mato kuwa bai taɓa yi mata maganar ba, sai ranar sunan James da ya zo ya ɗaga jaririn, ya shafa wuyansa, ya ce bakwainin nan da nauyi yake. Ya ajiye shi ya fita. Duk shekara takan kai masa doyar fari ta ajiye a ƙofa ba ta ce komai ba, shi ma ya ci bai ce komai ba. Iyakar godiyar da ta iya yi ke nan, kuma ta san ba ta kai ba.

Yanzu in ta yi shiru, za a rufe kan nan ba hula, kuma ɗan da aka ceta shi ne kan gaba wajen haƙa ramin. In ta yi magana, ta tona mijinta a kabari, ta kunyata ɗanta a gaban samarinsa, kuma ta dubi idon Yamusa ta gaya masa a madadin wa ƙanensa ya mutu. Tsoron Yamusa ya fi komai kama ta. Mutumin kirki ne, shi ya yi wa Jacob wankan gawa.

Ta daɗe tana kallon doyar da ta feraye har ta fara yin baƙi. Sannan ta ce, "Asta, ara mini gammonki."

Asta ta dube ta, ta dubi gammon, ta miƙa mata.

Da la'asar maza suka cika gindin ɗorawa, mata suna can nesa a bayan rumbuna, don mace ba ta magana a wannan zama. Hular tana kan buzu a gaban Yamusa, ja ce da ta koɗe. James ya gama jawabinsa, ya yi kyau kuwa, har da Turanci biyu uku da ba wanda ya gane amma kowa ya gyaɗa kai. Magana ta kusa ƙarewa a kan rami a bayan gida. Sai aka ga mutane suna waiwaye.

Hansatu ce take tahowa da babbar ƙwarya cike da doya, a ka. Ba ta iya ba. Ta riƙe da hannu biyu, wuyanta yana rawa, tana taku kamar mai tsallaka rafi a kan gungume, doya guda ta faɗo ta gangara ba ta waiwaya ba. Wata tsohuwa a bayan rumbu ta rufe fuska da zane. Ba wanda ya yi dariya. Ta ratso tsakiyar maza ta tsaya gaban buzun.

"Hansatu, lafiya? Sauke wannan abin," in ji Yamusa.

"Ba zan sauke ba, Baba, sai na gama. Haka aka so in tafi Kubwa."

Ta faɗa musu duka, a tsaye, ba ado. Ta faɗi kogon da tuwon mutum biyu da nonon Asta. Ta faɗi akwatin da hannun da ta ɗora a mara. Ta ce maganar da Mato ya yi wa Bature kowa ya ji ta, amma abin da ya gani ita kaɗai ta san ya gani. Muryarta ba ta karye ba sai da ta zo kan ɗanta.

"Ciki wata uku gare ni ranar. Ga cikin nan a zaune da alƙalami biyu." Ta juyo da ƙyar, ƙwaryar tana tangaɗi. "Shekwolo kuma ba gyara ba ne, Baba. A madadin mijina ya tafi."

James ya miƙe kamar wanda aka tasa daga barci. Ya zo ya kama ƙwaryar da hannu biyu ya sauke daga kan uwarsa, ya ajiye a ƙasa, ya tsaya a wurin bai san inda zai sa idonsa ba.

Yamusa bai motsa ba. Da ya yi magana, tambaya ɗaya ya yi, ko Mato ya san inda Jacob yake ranar da ya zo gidansu ya ɗauki ƙanensa. Hansatu ta so ƙwarai ta ce bai sani ba. Ta ce ya sani.

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce ranar Mato ya gaya masa wai don Shekwolo ba shi da mata ba shi da ɗa, shi kuma ya ɗauka rainin hankali ne, ashe lissafin da ya yi ke nan da gaske, ya auna ɗan uwan wani da mijin wata.

"Ban yafe masa ba," in ji Yamusa. "Hannuna ba zai taɓa hular nan ba, kafaɗata ba za ta ɗauke shi ba. Amma kan da ya ɗauki kaya don kan mace ya huta, ni ban iya ce masa bawa ba." Ya sa bakin sandarsa ya tura buzun zuwa gaban James. "Malam, kai ne kayan da ya ɗauka. Je ka sa masa."

Ba wanda ya ja. Wasu samarin sun yi gunaguni, ɗaya ya ce akuyar ubansa fa, aka ce masa akuya daban hula daban. James ya ɗauki hular da hannu biyu ya shiga gidan sarki. Waɗanda suke ciki sun ce sau biyu yana gyara ta tana zamewa hagu saboda karkatar wuyan, a na uku ya bar ta yadda ta so. Da aka fito da gawar, shi ya shiga gurbin Yamusa, kafaɗar hagu ta gaba, da farar rigarsa ta makaranta. Suka hau dutse rana tana ja. Hansatu ta tsaya a bayan rumbu tare da mata tana kallon jar hular tana ƙanƙancewa a tsakanin duwatsu, tana kuka, kuma rabin kukan na daɗi ne. Tsohuwar nan ta matso ta tuna mata cewa yanzu kanta ya ɗauki kaya. Hansatu ta ce ai ba ta sa ran hula da ma. Ta mayar wa Asta gammonta, Asta ta ce ba ta taɓa ganin an wulaƙanta gammo irin na yau ba.

Washegari da sassafe Hansatu ta zaɓi doya mafi kyau a rumbu ta cika ƙwarya, ta saɓa a kafaɗa yadda uwarta ta koya mata, ta nufi gidan Yamusa. Gaisuwar mutuwa za ta je, wadda ta makara da shekara ashirin da biyu. James ya ce zai raka ta, ta ce ya bari, tasa ranar tana zuwa.

Ta sami tsohon a ƙofar ɗakinsa yana jin ɗumin wuta. Ta durƙusa da kayanta a kafaɗa, ta yi masa gaisuwar Shekwolo da sunansa, yadda ake yi ranar da mutum ya mutu. Bai amsa ba, bai dube ta ba. Kafaɗarta ta fara zafi, gwiwoyinta suka sage, ba ta motsa ba. Ta riga ta ƙudura in ya bar ta har rana ta take, za ta tsaya.

Can ya kira surukarsa Lucy ya ce a sauke mata. Ya miƙa hannu cikin ƙwaryar ya juya doyar ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi wata siririya ya tura ta cikin garwashi. Ya ce haka Shekwolo yake sonta, gasasshiya, ba mai ba gishiri. Ya matsa gefe kaɗan a kan kututturen da yake zaune. Hansatu ta zauna, suka jira ta nuna.